Baba Rabo, Mai Riƙe Gora

Kullum da an shafa addu'ar asuba an watse, Baba Rabo yakan koma gida ya sha kokonsa, ya rataya wata tsohuwar jaka da aka ɗinka da buhu, ya kama hanyar rumfarsa da ke bakin titin Sheme, kusa da masu rake. Yanzu ba ya sauri. Sandarsa ce ke fara taɓa ƙasa kafin ƙafarsa ta biyo. A rumfar akwai benci ɗaya, da akwatin katako cike da wayoyi, da wasu lasifiku biyu da suka ga jiya suka ga yau. Wanda rediyonsa ya yi shiru ya kawo, wanda tocilarsa ta mutu ya kawo. Ya lalube ta da yatsu, ya kara a kunne, ya hura, ya ɗaure wata waya da haƙori, ya miƙa maka. Ranar kasuwar Yankara kuwa a babur ake ɗaukarsa ya je ya haɗa wa masu talla lasifika. Suna, walima, wa'azi, saukar Alƙur'ani, duk inda ka ji murya ta tashi sama a wannan yanki, to, ka duba bayan taron, za ka gan shi tsugune yana riƙe da waya.

Daminar bana ya ce ya ajiye aiki, ido ya ƙi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba zan ɓoye muku ba, da haushi na ɗauka, haushin kuwa bai huce ba har yanzu.

Ni ban ga zamanin gora ba. Hajiya Lauratu, wadda ke tuyar ƙosai a bayan rumfarsa, ita ta ba ni labari, tsofaffin garinsu kuma suka gaskata ta. Garin nasu Kurmin Audi ne, can cikin daji tsakanin Sheme da Faskari, inda yau babu mai kwana. A can marigayi Alhaji Audi, falken hatsi, ya dawo daga Kaduna da akwatin talabijin mai hoto baƙi da fari, tun gari bai san lantarki ba. Da batirin mota ake kunna shi. Rabo, wanda lokacin saurayi ne yana barantaka a gidan, shi ke ɗaure batirin a bayan keke ya kai Funtuwa caji ya dawo. Ruwan batir ya cinye masa wanduna ba iyaka, har akwai tabonsa a cinyarsa.

Amma ba wannan ne aikin ba. Aikin shi ne eriya. An ɗaure ta a kan wata doguwar gora aka kafa a bayan katangar zauren Alhaji, kan wani ɗan dutse, don nan ne kaɗai take kamo tasha. Gorar kuwa ba ta tsayuwa. Iska kaɗan ta juya ta, sai hoto ya ɓace, allo ya cika da wani tsaki-tsaki, akwati ya kama shuuu. Sai a tura Rabo bayan katanga. Daga ƙofar zaure a riƙa kwaɗa masa kira:

"Juya! Juya gabas! A'a, ka wuce, koma kaɗan! Yauwa, tsaya nan! Kada ka motsa!"

Shi kuma sai ya tsaya nan, bai motsa ba.

Duk daren Juma'a, da an fito sallar magariba, akan nuna wani wasan kwaikwayo da gari duka ke jira. Maza a gaba kan tabarmi, yara a gabansu, mata daga baya jikin zana. A wasan akwai wani mai fitowa a matsayin sarkin fawa, mai wata irin murya da ke girgiza akwati, kuma ba ya magana sai ya yi gyaran murya tukuna. Mutanen Kurmi ba su damu da sunansa ba, Mai Tsawa suke ce masa. Da ya yi gyaran murya gari ya ɗauki dariya tun bai ce komai ba. Rabo yana bayan katanga, hannu biyu a gora, sauro na cin ƙafarsa, yana jin muryar, yana jin dariyar mutane, shi ma ya yi tasa shi kaɗai.

Za ku ce, to, ba a karɓarsa? An taɓa karɓarsa sau ɗaya. Abokinsa Gide, sarkin barkwancin gari, ya ce bari ya riƙe masa. Rabo bai ko gama zagayo katanga ba aka fashe da dariya a zaure, Gide ya saki gora ya sheƙo ya ga abin da ake wa dariya, hoto ya ɓace. Aka yi caa a kansa. Tun daga ranar dattawa suka yanke cewa tasha hannun Rabo kaɗai take so, jininsa ne ya haɗu da na'ura. Ku ji fa! Gari guda, har da masu gemu, suka taru suka ƙirƙiro wannan magana, saboda kowa ya san in ba a ce haka ba wata rana layi zai zo kansa. Suka kira lalacinsu baiwar Rabo, suka koma suka miƙe ƙafa.

Da aka tashi yakan tambaya, "Wai ni kau Mai Tsawa ɗin nan, ya yake?"

Gide ya ce, "Kai, ƙato ne! Ƙofa ba ta ɗaukar shi sai ya karkace. Wuyanshi kaɗai ya yi kaurin turmi."

Aka yi dariya, kowa ya ce haka ne. Wani ya ƙara masa tumbi, wani ya ƙara masa saje. Rabo ya ɗauka, don muryar ta yi kama da haka. Shekara da shekaru yana riƙe da gora yana kallon ƙaton nan a cikin kansa, har tasha ta daina nuna wasan, ba ta sake maimaita shi ba.

Zamani ya juya. Aka shiga yayin kaset, samari na yawo da rakoda a kafaɗa, waƙoƙin garaya da na kalangu suna tashi a kowane shagon tela. Aka shiga yayin bidiyo, finafinan Indiya da na 'yan dambe, daga baya namu na Hausa masu rawa a cikin lambu, waɗanda 'yan mata ke haddace waƙoƙinsu kafin kaset ya kwana biyu a gari. Duk wannan Baba Rabo yana ciki. Shi ke jan janareto daga kasuwar Yankara zuwa ta Ƙanƙara, har Sabuwa ya sha zuwa ta waccan muguwar hanya, ya haɗa waya, ya tsaya waje yana gadin inji kada ya mutu ana tsakiyar kallo. Waɗannan kam yakan leƙa ya gani. Wancan wasa na daren Juma'a ne kawai ya tsaya masa a rai, don shi ne wanda ya yi wa hidima da jikinsa bai taɓa ganin ko fuska ɗaya a ciki ba.

Kai ne, Baba, ka tsaya a duhu mutane suka ga haske. Duk wanda ya tashi a Kurmi yake bugun ƙirji yau cewa shi ya ga talabijin tun yana yaro, da hannunka ya gani.

Sai masifar daji ta taso. Mutanen Kurmi suka watse, mafi yawa suka sauka Sheme, wasu Yankara, masu hali suka wuce birni. Ana cikin haka idon Baba na dama ya mutu. Likita a Katsina ya duba na hagun ya ce shi ma yana bin sahu, abin da ya tafi ba ya dawowa, zai yi wuya ya kai kaka. Abin da ya rage masa shi ne in abu babba ne, mai haske, kuma ya matso daf da shi, to, yana gani. Allon waya kuwa ko ka manna masa a hanci, ba ya ganin komai.

To, a nan ne 'ya'yan Kurmi mazauna birni suka ce za su yi bikin tuna baya washegarin Babbar Sallah. Kun san su. Su ne masu cika waya da hotunan tsofaffin 'yan wasa suna rubuta Allah sarki da, suna tambayar wa ya tuna waƙa kaza. Shugabansu Alhaji Mas'udu, ɗan kwangila a Kaduna, wanda a zamanin gora yaro ne mai zama gaba-gaba da majina a hanci, ya samo abin da ba wanda ya zata. Wani tsohon ma'aikacin tasha yana da kaset ɗin bidiyo na wancan wasa, fitowa guda. Ya ba da aro da sharaɗi: zaren ya tsufa, sau ɗaya za a kunna, a mayar masa washegari. Da aka nemi na'urar da za ta ci irin wannan kaset aka rasa duk yankin, sai a ƙarƙashin gadon Baba Rabo.

Hajiya Lauratu ta ce tun da ya ji labari bai ƙara zama lafiya ba. Ya fito da na'urar ya goge, ya sake gogewa. Ya riƙa ɗiga maganin ido kan lokaci, shi da sai an yi faɗa da shi yake ɗigawa. Yana ce mata, "Hajiya, zan ga mutumina. Allah dai Ya kai idon nan ranar."

Ranar kam ina wurin. An kafa babbar rumfar tamfol a wani fili, aka sa taro bayan azahar don baƙi su kama hanya da sauran rana. Baba ya riga kowa zuwa, cikin farar rigarsa ta Sallah. Ya haɗa janareto, ya haɗa lasifika, ya haɗa na'urarsa da ƙaton allon da aka kawo daga Kaduna. Da ya gama ya ɗauko 'yar kujerarsa ta tsugunno ya ajiye a gaban allon, daf da shi, ya zauna. Bai jima ba masu shirya wuri suka zo suka ce nan gaban manyan baƙi ne, zai tare musu. Suka ɗauke kujerar suka kai can gefe. Ya tashi ya bi kujerarsa.

Aka shiga jawabi. Wayyo, jawabi! Wannan ya tashi ya ce talabijin ce ta buɗe masa ido har ya zama abin da ya zama. Wancan ya tashi ya rero bakin wata tsohuwar waƙa aka yi masa tafi. Aka ba iyalan Alhaji Audi lambar girma, wannan kam sun cancanta. Aka ba Alhaji Mas'udu. Aka ba wani baƙo da ko hanyar Kurmi bai sani ba, don ya ba da shinkafar taro. Sannan, wallahi da idona na gani, aka fito da gawar tsohon akwatin nan mai baƙi da fari, aka ɗora a tebur kan farin leshi, manyan mutane suka jeru suna ɗaukar hoto da shi, wani har yana shafa shi. Akwati ya samu leshi. Mutumin da ya sa akwatin ya yi magana yana gefe kan kujerar tsugunno, ba wanda ya ambaci sunansa.

Suna wannan shirme hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta fara kaɗa tamfol. Alhaji Mas'udu ya ga za a yi asara, ya ciro kaset daga mota ya ce a kunna maza. Baba ya lalubo ya saka. Hannunsa bai bar na'urar ba iska ta bugi rumfa, ƙarfen rumfar da ke bayan allo ya tumɓuke daga raminsa ya fara rawa, tamfol na neman faɗowa kan allon. Sai Alhaji Mas'udu, makirfo a hannu, ya ce:

"Ina Rabo? Rabo, zagaya ka riƙe mana, ai kai ne gwani!"

Rabo! Haka gatsau, ba Baba, ba Malam, mutumin da ya kusa haifarsa. Taro ya fashe da dariya, wai an tuna baya.

Baba ya juya fuskarsa wajen allon, inda wani haske-haske ya fara motsi, ya juya wajen ƙarfen. A ransa yana cewa in tamfol ya faɗo ya fasa allon, ba wanda zai gani, har shi. Ya ajiye sanda, ya zagaya baya, ya kama ƙarfen da hannu biyu, ya kafa ƙafa yadda ya saba. Kiɗan buɗe wasa ya tashi. Can sai ga gyaran muryar nan. Mutane suka ɗauki sowa. Ni daga inda nake ina hangen Baba a bayan allo, iska na kaɗa farar rigarsa, leɓɓansa na motsi, yana faɗin maganar Mai Tsawa kafin Mai Tsawa ya faɗa.

Hajiya Lauratu ce ta tashi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta ratso maza, ta ratsa manyan baƙi, ta tsaya a gaban allon ta ware mayafinta da hannu biyu ta rufe shi ruf.

"Hajiya, lafiya? Kauce mana!"

Ta ce, "Ba inda za ni. Ku tsai da abin nan. Na ce ku tsai da shi!" Wani ya danna, hoto ya tsaya. "Ba ku da kunya? Ni ina bayan zana ina amarya, ni ke miƙa mashi ruwa ta kan katanga, ni na san abin da ya sha. Kun ci dariyarku shekara da shekaru a kan ƙafafun bawan Allah, yau idonshi na rufewa kun sake tura shi baya? Kai Mas'udu, ni na sha share maka majina kana yaro. Aje makirfon nan ka je ka riƙe ƙarfen. Hannunka ma tasha na so."

Alhaji Mas'udu ya duba hagu ya duba dama, ya ga ba mai ceto. Ya tattare babbar rigarsa ya zagaya baya. Hajiya da kanta ta jawo kujerar tsugunno, ta kamo hannun Baba ta zaunar da shi gaban allon, hancinsa kamar zai taɓa gilashi. Aka saki hoto.

Ya rufe mataccen idon da tafin hannu, ya ware mai ran. Mutum uku ne a allon, suna gardama a rumfar nama. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman ƙato. Ya ce, "To, ina shi? Bai shigo ba?"

Sai wani ɗan tsurut a gefe, siriri, mai dogon wuya da hula ta yi masa yawa, ya yi gyaran murya, lasifika ta girgiza.

Baba ya ja baya kaɗan. Ya sake matsawa. Ya ɗora yatsa a kan ɗan mutumin nan, ya bi shi da yatsa duk inda ya motsa. Sannan, bai ko waiwayo ba, ya ce, "Gide. Kana nan?"

Malam Gide, wanda yanzu ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, ya amsa daga layi na biyu, murya ƙasa-ƙasa, "Ina nan. Wasa ne fa, Rabo."

"Wasa ne," in ji Baba. "Duk gari kau?"

Baba ya ci gaba da kallo. Mai Tsawa ya sake wata magana, Baba ya yi dariya, dariya sosai har kafaɗunsa na rawa, ruwa na zuba daga idon nan ɗaya yana sharewa da sauri don kada ya tare masa. Bai kai ko rabin wasan ba ruwan sama ya ɓarke. Aka kashe inji, aka zare kaset, kowa ya yi ta kansa. Washegari kaset ya koma Kaduna. Alhaji Mas'udu kuwa, ɗan wannan tsayuwa da ya yi, sai da ya bi mutane yana faɗa musu kafaɗarsa ta riƙe.

Abin da Baba Rabo ya samu ke nan daga wasan da ya tsaya wa duk ƙuruciyarsa, ƙasa da rabin fitowa ɗaya, shi ma sai da tsohuwa ta yi tsiya a gaban baƙi. Kada wani ya zo ya ce mini ai an gyara. Lambar girma tana ɗakin mai shinkafa har yau.

Baba, mun gode. Mun gode da wandunan da ruwan batir ya ci, da sauron da ka ciyar, da dariyar da ka yi kai kaɗai a bayan katanga. Kai ne ba ka taɓa sakin gora ba, ko ranar da ka fi kowa hujjar saki. Allah Ya saka maka, Ya sa hasken da ka rasa nan ka same shi ninki a can. Ku kuma masu tuna baya a waya, ku ci gaba da tuna 'yan wasanku da mawaƙanku, ba wanda ya hana. Amma duk taron da kuka zauna kuna jin daɗi, ku tashi ku zagaya baya. Akwai wanda ke tsaye a can. Ku koyi tsayuwa irin tasa, ku kuma karɓe shi ya zo ya zauna.

Shekaranjiya na je rumfarsa, na tarar yana raba kayan aikinsa. Idon ya ƙara ja baya, sai da na yi magana ya gane ni. Na tambaye shi ko yana riƙe da mutanen Kurmi a zuciya. Ya ce a'a, Gide ma kullum yana zuwa su yi hira. Ya naɗe wata waya a hannu, sannan ya ce:

"Abu ɗaya nike so ka rubuta masu. Da ban gani ba, da ƙaton nan zan shiga kabari. Yanzu idon zai rufe, duk abin da zan ƙara gani a duniya, bakinsu ne zai nuna mani. Ka ce masu don Allah, in na tambaya, su riƙa faɗa mani gaskiya."